Kundin aiki kan ἐρίζω, aikatau na jayayya a tsohon Girkanci

3 ga Fabrairu 2025

An buɗe fayil ɗin ἐρίζω (erizō), na farko a rukunin kalmomin jayayya na ƙaramin ƙamusun tsohon Girkanci zuwa Hausa da ake haɗawa. Sauran 'yan rukunin, ἀμφισβητέω da νεικέω da φιλονικέω da ἀντιλέγω da διαλέγομαι, za su jira, sai inda suka tsoma baki a maganar erizō.

Kowane wurin da kalmar ta fito zai samu layi guda a teburi mai gida bakwai: marubuci da lambar baiti ko shafi, siffar kalmar yadda ta zo, lokacinta, wanda ake ja da shi da yadda nahawu ya nuna shi, abin da ake ja a kai, ko akwai magana a wurin ko babu, sai fassarar gwaji. Gida na shida shi ne sabo. An saka shi ne domin an saba fassara kalmar da "gardama", gardama kuwa sai da baki, to a duba ko kullum bakin yana nan.

Asalinta suna ne, ἔρις (eris), wato jayayya, wanda saiwarsa erid- take fitowa fili a jenitif, siffar suna mai nuna mallaka, ἔριδος. An ɗora wa saiwar -yō, sai d da y suka haɗe suka zama ζ, kamar yadda ἐλπίς, fata, ta haifi ἐλπίζω. Sashen asali zai tsaya a kan eris. Wajen mayar da haruffa zuwa boko, η zai zama ē, ω ya zama ō, ζ ya zama z, ko da yake akwai shaida mai ƙarfi cewa mutanen Atina na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa zd suke furtawa: Ἀθήναζε, "zuwa Atina", daga Athēnas da de aka haɗa ta.

6 ga Fabrairu 2025

Jerin siffofin da za a nema. Lokaci mai ci ἐρίζω, shuɗaɗɗe mai ci ἤριζον, aoris (shuɗaɗɗen lokaci na aikin da ya auku tashi ɗaya) ἤρισα, lokaci mai zuwa ἐρίσω, kammalallen lokaci ἤρικα. A shuɗaɗɗun lokuta wasalin farko yana tsawaita, e ya koma ē, amma Homa, mawaƙin Iliyad da Odisi, yakan bar shi yadda yake, don haka dole a nemi biyun. Homa kuma yana da aoris mai s biyu, saboda d ɗin saiwa ya rikiɗe ya zama s a gaban s ɗin aoris. Daga baya aka rage shi zuwa ɗaya.

Gutsattsarin da aka ba injin bincike bayan an cire alamomin sama: εριζ, ηριζ, ερισ, ηρισ, ερισσ, ερισδ, ηρικ. Kuskuren farko shi ne barin su ba tare da an ɗaure su a farkon kalma ba. Sakamakon ya cika da μερίζω, raba, da θερίζω, girbe, da περισσός, har da περιστερά, tattabara. An ɗaure, tarkacen ya ragu amma bai ƙare ba. Akwai ɗafa-goshi ἐρι- mai ƙarfafa ma'ana wanda ba shi da dangantaka da eris, shi ya jawo ἐρισθενής, mai tsananin ƙarfi, da ἐριστάφυλος, mai yawan inabi. Gutsuren ηρισ kuwa ya kwaso ἠρίστησα, "na yi karin kumallo", da ἠρίστευσα, "na yi fice". Waɗannan da hannu ake tsince su, babu wata dabara.

10 ga Fabrairu 2025

Matsalar kwamfuta, ba ta Girkanci ba. Teburin ya ƙi haɗa layuka biyu na ἐρίζω waɗanda ido yake gani iri ɗaya. Dalili: harafin ί yana da lamba biyu a Unicode, U+03AF da U+1F77, kuma rubuce-rubucen da aka kwafo daga wurare daban-daban kowa da wadda ya yi amfani da ita. Magani shi ne a bi da duk rubutu ta tsarin daidaitawa na NFC kafin ya shiga teburi, wanda yake mayar da ta biyun zuwa ta farko. Tsofaffin fayiloli masu Beta Code, tsarin rubuta Girkanci da haruffan boko, inda kalmar take E)RI/ZW, sai an juya su tukuna sannan a daidaita.

Nau'in harafin da aka fara da shi yana da Girkanci mai alamomi amma ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai ya riƙa aro su daga wani nau'in, shafi ya fito kamar an yi masa faci. An koma Gentium, wanda yake ɗauke da duka biyun.

17 ga Fabrairu 2025

An fara da Iliyad. Kalmar ba ta jira ba, tana baiti na 6 na littafi na farko: διαστήτην ἐρίσαντε, Agamemnon da Akilis "suka rabu bayan sun yi ja-in-ja". Siffar ἐρίσαντε ta tasniya ce, ta mutum biyu cif, irin wadda ɗaliban nahawun Larabci suka sani. Hausa ba ta da ita, amma "ja-in-ja" da kanta tana nuna ɓangare biyu, don haka ba a yi asarar komai ba. A lura da s guda a nan. Ƙafa ta biyar ta baitin tana buƙatar gaɓa mai nauyi ɗaya da marasa nauyi biyu, tēn-e-ri, da an ninka s da ri ta yi nauyi, baiti ya karye. A 3.223 kuwa ἐρίσσειε ce, domin can nauyin ake so. Bambancin na ma'aunin waƙa ne kawai, kada mai ƙamus ya nemo masa ma'ana.

A 1.277 dattijo Nesto yana gargaɗin Akilis kada ya ἐριζέμεναι βασιλῆϊ, ya ja da sarki. Kusan lafazin nan ya dawo a 2.214 da 2.247 a kan Tersitis, mutumin nan mai kaifin baki da Odisiyus ya zabga wa sanda. Duk wuraren akwai magana, gida na shida ya samu "e". Amma laifin da ake ɗora wa mutanen biyu shi ne sun tsaya gaba da gaba da wanda ya fi su matsayi. Nesto ma ya ƙara kalmar ἀντιβίην, ƙarfi da ƙarfi, ya kuma ba da hujja cewa darajar sarki mai sanda ba ɗaya take da ta kowa ba.

Misalin da ya fi kowane fitowa sarai shi ne 12.421 zuwa 423. Likiyawa, abokan gābar Girkawa a yaƙin, sun kasa fasa ganuwar Girkawa, Girkawa sun kasa kore su, sai mawaƙin ya kwatanta su da mutum biyu a gonar da suka haɗa, kowa da ma'auni a hannu, suna rikici a kan duwatsun iyaka, suna ἐρίζητον περὶ ἴσης a ɗan ƙanƙanin wuri, wato suna ja don rabo ya zo daidai. Duk wanda ya taɓa ganin rabon gonar gado ya san tsayuwar. An zaɓi wannan ya zama misalin farko a ƙarƙashin ma'anar rikici.

24 ga Fabrairu 2025

Gida na shida ya fara biyan kuɗinsa. Ga wuraren da aka rubuta "babu magana".

Iliyad 9.389: Akilis ya ce ba zai auri 'yar Agamemnon ba ko da za ta ἐρίζοι da Afrodita a kyau. Baiti na gaba ya ce ko da za ta ἰσοφαρίζοι da Atina a aikin hannu, wato ta yi daidai da ita. Mawaƙin da kansa ya jera kalmomin biyu kafaɗa da kafaɗa, ya nuna abu ɗaya suke nufi a nan. Odisi 5.213: Kalifso ta ce bai dace mata 'yan Adam su erizein (masdarin erizō) da alloli mata a ƙira da sura ba. Odisi 4.78 zuwa 81: Menelawus ya ce ba mai erizein da Ziyus, babban allan Girkawa, amma a cikin mutane wataƙila a samu mai yi da shi a dukiya. Odisi 8.225: Hirakilis da Yuritus ἐρίζεσκον da alloli a harbin baka, kuma ɗafin -sk- ɗin nan na maimaita aiki ne, daidai da lokaci sabau na Hausa, "sukan". Odisi 15.321: Odisiyus cikin shigar mabaraci yana gaya wa makiyayin aladu cewa ba wanda zai ἐρίσσειε da shi a hidima, haɗa wuta, faskara itace, yanka nama da gasa shi, zuba giya.

Ba wanda yake gardama a kan faskare. "Musu" da "gardama" da "cece-kuce" duk sun faɗi a wannan jarrabawar. "Gasa" ta ci wasu, amma ta kasa a bakin Nesto, domin Akilis ba gasa yake da Agamemnon ba. Abin da ya shiga kowane layi ba tare da an matse shi ba shi ne "ja da": kada ka ja da sarki, ba mai ja da Ziyus, sukan ja da alloli a harbi, wa zai ja da ni a hidima. Bahaushe in ya ce "ba mai ja da shi", yana iya nufin ba mai musa masa, yana iya nufin ba sa'ansa, kuma bai jin ya faɗi abu biyu. Haka erizō take. Tushenta shi ne mutum ya ajiye kansa daidai da wani, ya ƙi sakar masa. Ko da baki ya yi, ko da baka, ko da kyan fuska, wannan bayani ne na biyu.

Shawara: manyan ƙamusoshi sukan jera "rikici" na ɗaya, "takara" na biyu, kamar ma'anoni ne mabambanta. A wannan ƙamus "ja da" zai hau sama a matsayin uwar ma'ana, sauran su zama rassa.

3 ga Maris 2025

Ginin jimla. Wanda ake ja da shi yakan zo a datif, siffar suna mai ma'anar "ga" ko "da", ba tare da harafi ba, βασιλῆϊ, Ὀδυσῆϊ, Διί. Hanya ta biyu ita ce πρός da akusatif, siffar suna ta karɓau. Abin da ake ja a kai yana da hanya uku: akusatif tsura, kamar κάλλος, "a kyau", datif, kamar δρηστοσύνῃ, "a hidima", ko περί da jenitif, kamar περὶ τόξων. Inda ake tuntuɓe shi ne jimla mai datif biyu, kamar Odisi 15.321, inda μοι mutum ne, δρηστοσύνῃ kuwa fage. Ƙa'idar teburi: datif mai rai ya tafi gida na huɗu, marar rai gida na biyar.

Hirodotus marubucin tarihi ya ba da misalai uku masu kyau. A 5.49 Aristagoras na Miletus ya je Sparta da taswirar duniya a kan farantin tagulla, yana kwaɗaita wa sarki Kiliyomenis yaƙi da Farisa, ya ce in kun ci birnin Susa sai ku ja da Ziyus a dukiya. Lafazin πλούτου πέρι ne, harafin ya koma bayan sunansa, alamar karin sauti ta dawo gaɓar farko. Binciken da ya ɗauka περί kullum gaba take ya tsallake wannan layin, sai da aka gyara. A 8.55 Fosaidon da Atina sun ja a kan mallakar ƙasar Atika, suka bar itacen zaitun da ruwan gishiri a matsayin shaida. A 7.50 kuwa sarki Zaksis yana yi wa Artabanus faɗa cewa yana ἐρίζων πρὸς πᾶν τὸ λεγόμενον, yana ja da duk abin da aka faɗa. A nan abokin jan ba mutum ba ne, magana ce, kuma daga nan hanya ta miƙe zuwa ma'anar masu falsafa.

Zenofon, Anabasis 4.7. Sojojin Girka suna son kama wata mafakar ƙabilar Tawokawa a kan dutse, ana mirgino musu duwatsu. Agasiyas ya ga Kalimakus yana neman riga kowa shiga, sai ya zabura shi kaɗai. Da ya zo wucewa Kalimakus ya cafke bakin garkuwarsa. Suna cikin haka Aristonimus ya wuce su, Yurilokus ya bi baya. Marubucin ya rufe da οὕτως ἐρίζοντες, a haka suka ci wurin. 'Yan ɓangare ɗaya ne, ba gaba a tsakaninsu, kuma jan da suka yi shi ya kawo nasara. Fassarar gwaji: "suna rige-rige". A 1.2.8 na littafin kuma Marsiyas ya ja da Afolo περὶ σοφίας, Afolo ya ci shi ya feɗe fatarsa ya rataye a kogo a Kelainai. Sofiya a wurin gwanintar kiɗa ce, kada a rubuta "hikima".

12 ga Maris 2025

An goge layuka biyu da suka shigo bisa kuskure.

Na farko ἤρικε a Iliyad 17.295. Harafi da harafi daidai take da kammalallen lokacin erizō, "ya riga ya ja". Amma mai aikin a baitin kwalkwali ne da mashi ya soka, kalmar kuma aoris ce ta ἐρείκω, tsage. Kwalkwalin ya tsage ne. Na'urar tantance siffofi takan kawo duka biyun, wanda ya danna na farko ba tare da karanta baitin ba zai sa hular ƙarfe ta yi jayayya.

Na biyu ἐρείσασα a Ayyukan Manzanni 27:41, inda goshin jirgi ya kafe a yashi. Wannan ἐρείδω ce, kafe ko jingina. Aoris ɗinta ἤρεισα, ta erizō ἤρισα, harafi ɗaya ne tsakani. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne a zamanin Rumawan Gabas ει da η da ι da οι da υ duk sun koma furucin i, masu kwafar littattafai kuma sukan rubuta abin da kunne ya ji. Daga yau duk siffar da ta fara da ηρισ ko ερισ a rubutun hannu sai an gwada ta da ereidō kafin a karɓe ta.

20 ga Maris 2025

Hesiyod, wajen shekara ta 700 kafin haihuwar Annabi Isa. A farkon waƙarsa ta ayyuka da ranaku, baiti na 11 zuwa 26, ya ce Eris, allahiyar jayayya, ba ɗaya ba ce, biyu ce: ɗaya tana haddasa yaƙi, ɗaya tana tayar da malalaci ya kama noma in ya ga maƙwabcinsa ya yi arziki, maginin tukwane yana jin haushin ɗan'uwansa, mawaƙi yana kishin mawaƙi. Suna ne ba aikatau ba, don haka bayani na layi biyu kawai zai samu. Amfaninsa shi ne Bagirke da kansa ya ga kalma guda tana ɗauke da abin zargi da abin yabo. Aikatau ɗin ya zo a waƙarsa ta asalin alloli, baiti na 534, inda Furomitiyus ἐρίζετο βουλάς da Ziyus, ya ja da shi a dabara. Siffar midil ce, wato mai nuna aikin ya shafi mai yin sa, amma ma'anar ba ta canja ba.

7 ga Afrilu 2025

Aflaton, kuma a nan "ja da" ya gamu da cikas na farko. A tattaunawar Furotagoras, 337a zuwa b, Furodikus na Keyos, wanda ya shahara da tsefe bambancin kalmomi, ya roƙi Sukurat da Furotagoras su ἀμφισβητεῖν amma kada su ἐρίζειν. Hujjarsa: abokai sukan amfisbētein da abokai cikin fatan alheri, masu gaba da maƙiya su ne suke erizein da juna. Matsalar ita ce "jayayya" tana iya fassara kowace daga cikin biyun, in an sa ta sau biyu maganar Furodikus ta zama shirme.

Dole aka leƙa fayil ɗin amfisbēteō kafin lokacinsa. An gina ta daga ἀμφίς, ɓangare biyu, da saiwar βαίνω, tafi ko taka, wato kowa ya taka gefensa. Babu ita a Homa, kalmar zube ce da kotu. A Atina in mutum ya mutu bai bar ɗa ba, mai shela yakan tambaya ko akwai mai son amfisbētein a kan gadon, ta dangantaka ko ta wasiyya. Lafazin yana nan a jawabi na 43 cikin waɗanda aka jingina wa Demostenis, a kan gadon Hagniyas. Akwai kuma kuɗin ajiya, kashi ɗaya cikin goma na ƙimar gadon, da mai da'awa yake rasawa in ya faɗi. Jawaban Isayos goma sha ɗaya na shari'ar gado cike suke da kalmar, abin da ake da'awa a kai yana zuwa a jenitif. Wata sarƙaƙiya ga mai bincike: shuɗaɗɗen lokacinta yakan ɗauki alama sau biyu, ἠμφεσβήτουν, a farkon kalma da kuma tsakiya.

Bambancin ke nan: mai amfisbētein idonsa na kan abin, gado ko ra'ayi, mai erizein idonsa na kan mutumin. An gwada fassara uku, aka tsaya a kan "ku yi musu, amma kada ku yi husuma". Musu abu ne da abokai suke yi a majalisa har dare su tashi suna dariya, husuma kuwa takan bar tabo. Ga kotu, "yi da'awa" da "takaddama" aka ajiye wa amfisbēteō.

15 ga Afrilu 2025

Jamhuriya ta Aflaton, 454a. Sukurat ya ce mutane da yawa sukan faɗa cikin wannan rami ba da sonsu ba, suna zaton διαλέγεσθαι suke alhali ἐρίζειν suke, domin ba su iya rarraba abu bisa nau'o'insa ba, sai su bi sunan kawai suna farautar saɓani. Misalinsa a 454c: an yarda masu ɗabi'a daban su yi aiki daban, to mai sanƙo da mai gashi ɗabi'arsu daban, ke nan in masu sanƙo suna ɗinkin takalma sai a hana masu gashi? A wannan wurin babu zagi, babu ɗaga murya, mutum yana iya erizein cikin ladabi. Don haka "husuma" ba ta shiga. "Gardama" ce ta dace, gardamar lafazi, irin ta wanda ya kama kalma ya saki ma'ana. Wannan ne wuri na farko a teburin da fassarar da aka saba ta fi kowace dacewa, kuma sai a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa aka iso shi.

Aristotal ya ƙara tsaga a littafinsa na warware hujjojin yaudara, 171b: mai yi don ya ci nasara kawai shi ne ἐριστικός, mai yi don ya yi suna ya samu kuɗi shi ne sofist, ya kuma kwatanta na farkon da ɗan wasan da yake maguɗi a fage. Sifar eristikos za ta samu "ɗan gardama, mai son ci ko ta halin ƙaƙa".

An kawo shawarar "mujadala", an ƙi ta. Masu fassara na Bagadaza sun kira littafin Aristotal na Topika da Kitabul Jadal, wato a ilmin manɗiƙi jadal yana ɓangaren dialegesthai, fanni mai ƙa'ida. A kunnen Bahaushe na yau kuwa mujadala ta fi karkata ga jayayya mai zafi. Wanda ya yi karatun zaure zai ji abu ɗaya, wanda bai yi ba ya ji kishiyarsa. Ga dialegomai "tattauna" da "yi muhawara" sun isa.

28 ga Afrilu 2025

Sabon Alkawari. Aikatau ɗin sau ɗaya tak ya zo, Matiyu 12:19, οὐκ ἐρίσει οὐδὲ κραυγάσει. Ayar tana ɗauko Ishaya 42:2, amma tsohuwar fassarar Girkanci ta Ishaya ba ta da erizō a wurin. Abu biyu na nahawu. Lokaci mai zuwa ἐρίσω ne, bai bi tsarin νομιῶ da ἐλπιῶ na takwarorinsa masu -ίζω ba. Sannan babu abokin ja a jimlar, "ja da" kuwa ba ya tsayawa shi kaɗai, sai an ce "ba zai yi jayayya ba". Wannan ne cikas na biyu, kuma za a rubuta shi a fili a cikin bayanin: in babu datif, a koma ga suna, jayayya ko ja-in-ja.

A tsohuwar fassarar Girkanci ta Farawa 26:35 matan Isuwa biyu ἦσαν ἐρίζουσαι da Ishaku da Rifkatu. Ibrananci ya ce sun zama ɓacin rai gare su, mai fassarar Iskandariyya ya mayar da shi ja da surukai.

Sunan eris ya zo sau 9, duk a wasiƙun da ke ɗauke da sunan Bulus. A Galatiyawa 5:20 rubuce-rubucen hannu sun rabu tsakanin ἔρις tilo da ἔρεις jam'i, matsalar furucin i ɗin nan ce dai. A ayar kuma akwai ἐριθεῖαι, wadda aka daɗe ana ɗauka 'yar gidan eris ce. Ba haka ba ne. Daga ἔριθος take, ɗan ƙwadago, irin masu girbi da lauje a garkuwar Akilis, Iliyad 18.550, Aristotal kuma ya yi amfani da eritheia ga neman muƙami ta hanyar maƙarƙashiya. An cire ta daga dangin, an bar ishara kawai. Haka ἐρεθίζω, tsokana, tana da nata fayil.

6 ga Mayu 2025

Tiyokiritus na Sirakus, ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya sa aka nemi ερισδ tun farko, domin ἐρίσδω yake rubutawa. Makiyayansa gasar waƙa suke, ana sa ɗan akuya da ɗan rago a matsayin abin da mai nasara zai ɗauka. A waƙa ta 5, baiti na 23, Komatas ya jefi abokin karawarsa da karin magana: ὗς ποτ᾽ Ἀθαναίαν ἔριν ἤρισεν, alade ya ja da Atina. A kula da ποτ᾽. Mai gaggawa zai karanta ποτέ, "wata rana", amma sunan Atina a akusatif yake, yana buƙatar harafi, don haka ποτί ce, πρός ta mutanen Doriya. An sa "ruwa ba sa'an kwando ba ne" a gefe don mai karatu ya ji ɗanɗanon, ba a matsayin fassara ba. A 7.41 mawaƙi ya ce shi kamar kwaɗo ne yana ja da fara a waƙa.

Daftarin bayanin kamar yadda yake yau:

ἐρίζω, aikatau, daga ἔρις. Ja da wani, ajiye kai daidai da shi a ƙi sakar masa. Wanda ake ja da shi a datif ko πρός da akusatif, fagen a akusatif, datif ko περί da jenitif. (a) Da rikici: yi ja-in-ja, yi husuma. (b) Da takara: kara da, yi gasa, yi rige-rige, tare da korewa, ba sa'ansa. (c) A falsafa: yi gardamar lafazi don cin nasara, kishiyar διαλέγομαι. In babu abokin ja: yi jayayya.

Reshe na (b) bai gama zama ba. "Ja da Afrodita a kyau" yana da ɗan nauyi a baki in an kwatanta da "kara da", domin wadda ake magana a kanta ba ta yi komai ba, kyanta ne kawai ya kai. Za a gwada jimlolin biyu na Iliyad 9.389 da Odisi 5.213 a kunnen masu karin harshen Kano da na Sakkwato da na Damagaram kafin a yanke. Siffar ἐρίσσεται ta Odisi 4.80 ma tana jiran hukunci a gida na uku, domin tana iya zama lokaci mai zuwa, tana iya zama aoris na sharaɗi mai gajeren wasali, κεν ɗin da ke gabanta kuwa Homa yana haɗa shi da kowanne. Bayan su sai ἐριδαίνω ta Iliyad 1.574 da ἐριδμαίνω ta 16.260, inda yara suke tsokanar zanzaro a bakin hanya, sannan haɗaɗɗun ἀντερίζω da διερίζω, kafin a buɗe fayil ɗin νεικέω da shari'ar diyya ta Iliyad 18.497.